Yadda Ake Binciken Mastas Ko Dakta A Fannin Tarihi Daga Nan Legas, Mataki-Mataki

Tun da Allah Ya sa na kammala nawa kundin, da wuya sati ya wuce wani bai tare ni ba, ko bayan Juma'a a Agege ko ta waya, yana cewa Malam ina so in koma makaranta in yi mastas a tarihi, ta ina ake farawa? Wasu malaman sakandare ne, wasu ma'aikata ne da aka turo Legas, akwai ma waɗanda suke kasuwa a Mile 12 alhali sun yi digirin farko a gida sun ajiye takardar a ƙasan akwati. Amsa ɗaya nake ta maimaitawa, shi ya sa na ga gara in zauna in jera ta gaba ɗaya. Ina cewa "ka" ne don saukin magana, amma 'yan'uwa mata har da ku nake.

Abin da na fi so ya zauna maka shi ne jerin matakan. Yawancin waɗanda na ga sun maƙale shekara uku huɗu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, sun raɗa wa aiki suna ne tun ba su ga hujja ko ɗaya da idonsu ba.

1. Takardu da fom

A nan Legas wurare biyu aka fi zuwa, Jami'ar Legas da ke Akoka da kuma LASU, Jami'ar Jihar Legas, da ke Ojo, dukkansu suna da sashen tarihi kuma ta makarantar manyan digirori ake neman shiga. Za a nemi takardar digirin farko, yawanci daga mataki na biyu ƙarami zuwa sama, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare, da tiransikirif, wato cikakken sakamakon darussanka na jami'a, da sunayen malaman da za su tsaya maka. Mai neman dakta kuma ana duba makin mastas ɗinsa, in bai kai ba sai a ce ya bi ta M.Phil, digirin da ke tsakanin mastas da dakta, tukuna.

Hattara: tiransikirif shi ne yake kayar da mutane. In a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ka yi digiri, ka nema tun kafin a fara sayar da fom, kuma ka samu wani na ƙasa da zai riƙa leƙa maka ofishin, don daga Legas ba ka iya bin takarda ta waya kaɗai. Ka kuma duba sunanka a duk takardun, in wani wuri Muhammad ne wani wuri Mohammed, ka yi rantsuwar kotu tun yanzu.

Kafin ka zaɓi makaranta ka lissafa hanya. Wanda yake Alaba Rago ko Okokomaiko LASU ce a bakin ƙofarsa, wanda yake Idi-Araba ko Ebute Metta Akoka ta fi masa. Cunkoson garin nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya daina zuwa lacca.

2. Ka ga hujja kafin ka raɗa take

Nan ne gaba ɗaya aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Mutum zai zo ya ce min takensa "Tarihin Hausawa a Legas". Wannan aikin mutum goma ne, ba ya shiga kundi ɗaya. Hausawan da Gwamna Glover ya ɗauka aikin ɗamara a 1863 daban, fataken goron da suka cika Agege bayan dogo ya haɗa Legas da Kano wajen 1912 daban, 'yan tumatir da tattasai na Mile 12 daban, 'yan acaban da suka zo jiya-jiya daban. Take mai kyau yana da abu uku: wuri ɗaya, lamari ɗaya, da shekarar farawa da ta tsayawa waɗanda za ka iya kare dalilinsu. Misali cinikin goro a Agege daga zuwan dogo zuwa 1960, ko sarautar Sarkin Hausawa a unguwa ɗaya daga 1967 da aka ƙirƙiri jihar Legas zuwa 1991 da aka mayar da babban birni Abuja, ko makarantun allo na Idi-Araba, ko harkar shanu da mayanka ta Oko-Oba. Ka ga kowanne in aka ce me ya sa ka fara nan ka tsaya nan, kana da amsa.

To amma kafin ka kai wa kowa taken, ka yi abin da nake ce wa ɗanɗano. Ka ware sati biyu. Ka je ka zauna da dattijo biyu ko uku ba tare da rikoda ba, ka ji ko akwai masu tuna abin da rai. Ka je akaif, wato gidan adana takardu na ƙasa da ke Ibadan, kwana ɗaya ko biyu ka buɗe littattafan jerin fayil ka ƙirga fayil nawa suka taɓa batun. Ka duba kundayen da aka riga aka yi a sashen, da na ABU da BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don ɗalibai da yawa daga can sun rubuta a kan Hausawan kudu. In ka samu fayil kamar goma da dattawa kamar goma sha biyar da ka tabbata za su yi magana, to mastas ta samu. In ba ka samu ba ka canza tun ba a rubuta taken a takarda ba.

Hattara: da zarar an yi wa take rajista, canza shi sai an bi ta kwamiti, kuma yana iya cin wata da watanni. Sannan ka yi nesa da batun da kake son ka wanke wani ko ka rama wa wani, kamar rigimar sarauta da gidanku yake ciki. Ba za ka iya tsayawa tsakiya ba kuma mai jarrabawa zai gano.

3. Mai duba aiki

Sashe ne yake raba sufabaiza, amma kana da ɗan hannu a ciki. Ka karanta abin da malaman sashen suka rubuta, ka ga wa yake tarihin tattalin arziki, wa yake tarihin birni, wa yake na addini, sai ka je ka gaida wanda ya fi kusa da batunka da shafi ɗaya a hannu, ba da baki kawai ba. Ka tambayi tsofaffin ɗalibansa sati nawa babi yake yi a teburinsa kafin ya dawo.

Akwai yiwuwar malaminka ba ya jin Hausa. Wannan ba matsala ba ce in ka riƙa kai masa hirarrakinka a rubuce da fassara gefe da gefe, shi kuma zai buɗe maka ɓangaren Yarabawa na labarin wanda kai ba ka gani. Duk zaman da kuka yi ka rubuta abin da ya ce da kwanan wata, ka tura masa a taƙaice ta imel, don wata shida nan gaba ba wanda zai tuna. Kuma kar ka ɓace masa. Ɗalibin da ya yi shiru wata huɗu sannan ya bayyana da babi biyar yana gaggawa, shi ya jawo wa kansa.

4. Bitar ayyukan da suka gabata

Ranar farko ka sauke Zotero, manhajar adana bayanan littattafai da maƙaloli, a kwamfutarka, kyauta ne, duk abin da ka karanta ka shigar da shi nan take da lambar shafi. Ka buɗe akawun na JSTOR, ana barin mutum ya karanta maƙala har 100 a wata kyauta, sai AJOL don mujallun Afirka, sai mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya da take fitowa tun 1956, da Lagos Historical Review ta sashen tarihi na Akoka. Laburaren jami'a ma kar ka raina shi, ɓangaren tsofaffin kundaye ya fi intanet amfani a irin aikinmu.

In batunka ya shafi Hausawan kudu akwai mutanen da dole a gan su a bitarka: Mahdi Adamu a kan yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, Abner Cohen a kan unguwar Sabo ta Ibadan, Paul Lovejoy a kan fataucin goro, Babatunde Agiri a kan noman goro a ƙasar Yarabawa, Kristin Mann a kan Legas ta ƙarni na 19. Don hanyar aiki da labarin baka kuma Jan Vansina, sai Yusufu Bala Usman don ka koyi yadda ake yi wa hujja tambayoyi, ta Bature ce ko ta fada.

Hattara: bita ba jerin "wane ya ce, wance ta ce" ba ce. Kowane aiki ka faɗi me ya kafa, da wace hujja, kuma ina ya tsaya. Inda ya tsaya nan ne gurbinka. Kuma kar ka ambaci littafin da ba ka buɗe ba don ka gan shi a ƙasan shafin wani, a difens, wato ranar kare kundi, tambaya ɗaya za a yi maka a kai.

5. Furofoza

Shafi goma zuwa sha biyar ya isa sai in sashenku ya ce wani abu daban. Shimfiɗa, matsalar bincike, manufa, tambayoyi uku ko huɗu, farfajiyar bincike ta wuri da shekaru, bita, hanyoyin bincike, tsarin babi-babi. A hanyoyin bincike kar ka tsaya a cewa za ka yi amfani da hujjojin farko da na biyu, kowa haka yake cewa. Ka faɗi wane gidan adana takardu, wane rukunin fayil, wace jarida ta waɗanne shekaru, wane irin mutane za ka yi hira da su kuma ta hannun wa. Ɗanɗanon da ka yi a mataki na 2 a nan yake biyanka, ranar semina kai kaɗai za ka tsaya kana kiran lambar fayil.

6. Lissafin kuɗi

Kuɗin makaranta yana canzawa kusan duk shekara, don haka ka ɗauko na bana daga shafin makarantar, amma ka sani wannan rabin labari ne. Ka rubuta waɗannan ma: fom da kuɗin karɓar gurbi, tiransikirif, zuwa Ibadan aƙalla sau uku da masauki, zuwa Kaduna da Zariya aƙalla sau ɗaya, rajistar mai bincike da kuɗin ɗaukar hoto a akaif, data, goro da turare da kuɗin mota na zuwa wurin dattawa, ɗan ihsani ga mai yi maka jagora, buga kwafi-kwafi na semina da na difens, ɗaurin kundi. Mai dakta ya ƙara kuɗin zuwa taron ƙara wa juna sani da na buga maƙala. In ka haɗa jimla ka ɗora kashi ɗaya bisa uku a kai.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta ko da ta hannu ce, waya mai kyamara mai kyau da wuri a ciki, pawa bank, ƙaramar rikoda in da hali, filas ko hard disk na waje, littattafan rubutu masu kauri biyu, fensir, takunkumin hanci. TETFund malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi ta hannun makarantunsu, in ba kai ba ne kar ka sa ta a lissafi.

7. Shiga akaif

Gidan adana takardu na ƙasa yana da manyan rassa uku, Ibadan da Kaduna da Enugu. Takardun Legas na zamanin Turawa a Ibadan suke, cikin harabar Jami'ar Ibadan. Rukunin da za ka fara nema su ne Comcol, wato na Kwamishinan Mulkin Legas, da CSO na ofishin Babban Sakatare, musamman CSO 26. A Kaduna kuma SNP na Sakataren Lardunan Arewa, da fayilolin lardi irin su Kanoprof da Sokprof da Zarprof, nan za ka ga ɗaya gefen labarin, wato inda mutanen da kayan suka taso. Kana Kaduna ka shiga Arewa House, tsohon gidan Sardauna, akwai kundaye da rubuce-rubucen Larabci da ajami. A nan gida akwai LASRAB, hukumar adana takardu ta jihar Legas, da reshen Laburaren Ƙasa na Yaba don tsofaffin jaridu, da laburaren NIIA, cibiyar nazarin harkokin ƙasashen waje, a Victoria Island ga mai harkar hulɗar ƙasashe.

Zuwa Ibadan jirgin ƙasa ya fi kwanciyar hankali, daga Ebute Metta ko Agege zuwa Moniya, daga nan ka hau mota zuwa jami'a. Ka tafi Litinin ka dawo Juma'a, ba a buɗewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ka riƙe wasiƙar gabatarwa daga sashenku, katin ɗalibi, da hotunan fasfo.

Ga yadda ranar take tafiya. Ka yi rajista, ka nemi littattafan jerin fayil, ka kwashe rana ta farko kana kwafar lambobi da sunayen fayil kawai, kar ka yi saurin kira. Sai ka cike takardar buƙata, ka kira kaɗan-kaɗan. Fayil na zuwa, hoton farko na bangonsa ne mai ɗauke da lamba da suna, sannan shafukan bi da bi, in ka gama ka ɗauki hoton farar takarda don ka san nan ya ƙare. Da dare a masauki ka raba hotunan cikin folda mai sunan fayil ɗin, ka tura kwafi Google Drive. Akwai manhajar Tropy ta kyauta da aka yi don irin wannan aikin.

Hattara: ka tambayi dokar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya, kuma ka karɓi rasit. Takardun sun tsufa, wasu kana taɓawa suke ɓarewa, ka juya su a hankali kuma kar ka canza musu jeri.

Kar ka tsallake takardun sharhi da ke farkon fayil, inda jami'ai suke rubuta wa juna da hannu, sau da yawa ainihin dalilin hukunci a nan yake, wasiƙar da aka buga da tafireta sakamako ce kawai. Sannan ka nemi batunka da sunaye daban-daban. A takardun ƙarni na 19 za ka ga "Houssa" ko "Haussa", Musulmi kuma "Mohammedan". Kuma maganar Hausawa ba lallai ta zo a fayil mai suna Hausa ba, tana ɓoye a fayil na kasuwa, haraji, dogo, tsaftar gari, mayanka, fili, ko 'yan sanda.

Wani lokaci za ka ga fayil a jeri a ce maka ba a gan shi ba. Ka rubuta lambarsa da ranar da ka nema, ka sake gwadawa a zuwa na gaba. Wasiƙun da aka aika Landan kuma suna gidan adana takardu na Ingila da ke Kew, CO 147 na Legas da CO 583 na Najeriya, mai dakta ya san da su.

Jaridu ma hujja ne: Daily Times tun 1926, West African Pilot tun 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, New Nigerian tun 1966. In abu ya faru a Legas ka duba yadda jaridar Legas ta ba da shi da yadda ta Kaduna ko Zariya ta ba da shi.

8. Hira da dattawa

Wannan ne jarinmu da wasu ba su da shi. Kana jin harshen, ka san gaisuwa, wataƙila kana karanta ajami. Amma ba a faɗa wa dattijo kai tsaye da rikoda. Ka fara ta fadar Sarkin Hausawan unguwar ko limami ko shugaban kasuwa, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ranka ya daɗe ni ɗalibi ne, ga abin da ya kawo ni, ga wasiƙar makaranta. Shi zai haɗa ka da mai raka ka. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da ɗan goro ko turare. A na biyu ake hira.

Hattara: kar duk mutanenka su fito ta ƙofa ɗaya. In fada ce ta zaɓo maka su duka, labarin fada za ka ji sau goma sha biyar. Ka nemi dillalai, 'yan dako, direbobi, mahauta, malaman allo, waɗanda aka haifa a nan suna jin Yarabanci kamar Hausa, da maƙwabta Yarabawa da suka yi ciniki da su. Kuma mata. Hajiyoyin da suka yi shekara arba'in suna tuwo ko ƙosai ko adashi sun san wanda ya zo da wanda ya karye da wanda ya auri wa fiye da mazan. In kai namiji ne ka je da 'yar'uwarka ko matarka, kuma da izinin maigidan.

Lokaci yana da muhimmanci. Ɗan kasuwa ba a samunsa da safe, bayan la'asar ya fi. Kar ka nufi 'yan raguna na Alaba Rago ana gab da Babbar Sallah, kar ka dami tsoho da yammacin azumi.

Kafin ka kunna rikoda ka nemi izini a fili: Baba, zan naɗi muryarka saboda kar in manta, in akwai abin da ba ka so a sa sunanka ka gaya min. Farkon naɗin ka faɗi sunansa, sana'arsa, kimanin shekarunsa, wurin, da kwanan wata, don duk za su shiga ƙasan shafi. Ka fara da rayuwarsa, ina aka haife ka, wa ya kawo ka Legas, a gidan wa ka sauka, me ka fara yi. Kar ka sa masa amsa a baki, maimakon "ai Turawa sun takura muku ko?" ka ce "ya kuka yi da hukuma a lokacin?" In ya yi shiru ka bar shi, sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayan shirun take fitowa. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, ka dawo wata rana.

Shekara ita ce wahalar labarin baka, tsoho zai ce maka "an daɗe". Sai ka ɗaure masa da abin da kowa ya sani: kafin a kashe Sardauna a Janairun 1966 ko bayan nan, lokacin yaƙin Biyafara 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi na 1972, zuwan naira a 1973, kashe Murtala a nan Legas a Fabrairun 1976, bikin FESTAC na 1977, canjin kuɗin Buhari na 1984. Kana da aure a lokacin? An haifi ɗanka na fari? Da haka za ka matse shekarar zuwa biyu ko uku. Kullum kuma ka raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari, ka tambaya wa ya gaya maka.

Kafin ka tashi ka ce Baba ko akwai wata tsohuwar takarda a gida? Rasit na haya, katin haraji, littafin bashi da ajami, wasiƙu, fasfon Hajji, hotuna. Ka ɗauki hoto a gabansa, kar ka tafi da ita ko ya ce ka je da ita.

Hattara: in hira ta taɓa rikici, kamar na Ketu a 1999 ko Idi-Araba a 2002 ko Mile 12 a 2016, mutane sun rasa 'yan'uwa da dukiya kuma suna nan zaune da maƙwabtansu. Ka sakaya sunan duk wanda maganarsa za ta iya jawo masa fitina, kuma kar ka tura muryar kowa a WhatsApp.

Ka kwafe naɗin wuri biyu a daren. Ni an zare min waya a cikin motar haya da hira huɗu a ciki da ban kwafe ba, kafin in koma ɗaya daga cikin dattawan Allah Ya yi masa rasuwa, har yau abin yana min ciwo. Ka juyar da hira zuwa rubutu cikin satin, da Hausar da aka yi ta, awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar ko shida, don haka kar ka bari su taru.

9. Tantance hujja

Kowace hujja ka yi mata tambaya huɗu: wa ya faɗa, yaushe, wa yake gaya wa, me yake nema. Jami'in Bature da ya rubuta cewa Hausawan wuri kaza masu rigima ne, wataƙila yana neman a ba shi izinin tashinsu ne. Kuma "Hausa" a bakinsa tana iya haɗawa da Banufe da Babarbare da Bafillace, duk wanda ya fito daga Arewa. Jikan sarki da ya ce kakansa ne ya fara sauka a unguwar, ka ji gidan da suke takara da su ma. Jerin sarakuna yakan tsallake wanda aka tuɓe.

In takarda da baki suka saɓa kar ka ce takarda ce gaskiya don tana da hatimi, kar kuma ka ce Baba ne don ka gan shi da furfura. Ka nemi ta uku. In ba ta samu ba ka kawo duka biyun a kundin ka faɗi wadda ka fi karkata gare ta da dalilinka.

Fassara ma wurin zamewa ce, tunda da Turanci za ka rubuta kundin. "Maigida" a harkar goro da shanu mai masauki ne kuma mai tsaya wa baƙo a ciniki, "yaronsa" yana iya zama mai shekara hamsin, "ƙwarya" a goro ɗari ce. Irin waɗannan ka bar su da Hausa, ka yi bayani a farkon zuwansu, ka yi musu jeri a farkon kundin.

10. Rubutu, difens da gyara

Kar ka fara da babi na ɗaya. Ka fara da babin da ka fi hujja a kai, gabatarwa da kammalawa su zo ƙarshe. Kowane babi ka rubuta a jimla ɗaya abin da yake son tabbatarwa ka manna a gabanka, duk labarin da bai taimaki jimlar ba ka cire shi ko da yana da daɗi. Shafi ɗaya kullum bayan asuba ya fi jiran hutun da ba zai zo ba. Masu tarihi futnot, wato bayanin ƙasan shafi, suke amfani da shi, yawanci salon Chicago, amma ka karɓi littafin ƙa'ida na makarantarku ka bi shi, kuma ka sa futnot a lokacin da kake rubuta jimlar, "zan dawo in sa" ita ce take cin wata guda a ƙarshe.

Hattara: ana saka kundi a manhajar gano satar rubutu irin Turnitin. Kar ka ba wani kwangilar rubutawa, kar kuma ka yarda da futnot da manhajar AI ta ƙirƙiro maka, tana iya kawo littafi da lambar fayil da babu su a duniya, mai jarrabawa na waje kuma yana iya zama wanda ya yi shekara ashirin a wannan akaif ɗin.

Kafin difens ka gwada aikin a gaban mutane, taron Lagos Studies Association da ake yi a nan ko na Ƙungiyar Masana Tarihi. Mai dakta ya fara tura maƙala mujalla tun yana tsakiyar aiki, don jami'o'i da yawa suna nema kafin difens kuma mujalla mai kyau ba ta sauri.

Ranar difens ka zo da kwafinka mai alamomi, littafin da ka riƙa rubutu a ciki lokacin bincike, da jerin waɗanda ka yi hira da su. Tambayoyin da kusan dole su zo: me ya sa waɗannan shekarun, me ka ƙara a kan na baya, ya ka tabbatar da labarin baka. Ka roƙi aboki ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka faɗa, don kai ba za ka riƙe ba. Ka yi gyaran cikin sati biyu, ka haɗa da takardar da ke nuna gyara kaza yana shafi kaza, a sa hannu kafin ka kai ɗauri, kuma ka tambayi launin bango da yawan kwafin da ake so. A wurin mai ɗaurin ka ƙara kwafi biyu a kan na makaranta, ɗaya na fadar da ta buɗe maka ƙofa, ɗaya naka, sannan iyalan dattawan da ka naɗa kowanne ka kai musu muryar mahaifinsu a filas.